Mu Ne 'Yan Baya A Sahun Masu Yabo

Sharhinmu na wannan karo a kan wata tsohuwar waƙa ce da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista, wato Zabura ta 148. Gajeriya ce ƙwarai, ayoyi 14 kacal, kafin ruwan koko ya tafasa kin karance ta sau biyu. To amma gajartar tata ita ta jawo mata raini. Sai a karanta ta a gurguje wajen buɗe sujada ranar Lahadi, ko a taron zumuntar mata, a ce Amin, a rufe littafi, ba mai tsayawa ya tambaya: wai shin me ya kawo maciji da akuya da tsuntsu cikin waƙar yabon Ubangiji?

Ni a nawa karatun, wannan tambaya ita ce ƙashin bayan waƙar. Mai waƙar ya jera halittu sahu-sahu don su yi yabo, ya ajiye ɗan Adam can a sahun ƙarshe, bayan dabbobi. Duk wadda ta gane wannan jeri, ba za ta ƙara kallon kazar gidanta da idon da take kallon ta a da ba.

YADDA AKA GINA WAƘAR

Littafin Zabura waƙoƙi 150 ne, an rubuta su da harshen Ibrananci. Biyar na ƙarshe, daga ta 146 zuwa ta 150, kowace da kalmar Halleluya take farawa, da ita kuma take rufewa. Kalmar nan kira ce ga jama'a su yabi Ubangiji. Zabura ta 148 ita ce a tsakiyar biyar ɗin, biyu a gabanta, biyu a bayanta.

An raba waƙar gida biyu. Ayoyi shida na farko na mazauna sama ne: mala'iku da rundunoninsu, rana da wata, taurari, har da ruwan da mutanen wancan zamani suka ɗauka yana can bisa sararin sama. Daga aya ta 7 sai mai waƙar ya sauko, ba kuma doron ƙasa ya fara sauka ba, can ƙarƙashin teku ya nutsa, ya kira dodannin ruwa da zurfafan wurare. Daga nan ya hauro ya kira wuta da ƙanƙara da dusar ƙanƙara da hazo da guguwa. Sai duwatsu da tuddai, sai itatuwa masu 'ya'ya da itacen al'ul. A aya ta 10 ya kira dabbobi kashi huɗu: namun jeji, dabbobin gida, masu jan ciki, da tsuntsaye. Sai da ya gama da duk waɗannan kana ya waiwayo kan mutane.

Ki lura da wannan da kyau, domin nan gwanintar take. Sarki mai fada da dogarai, da alƙali mai yanke hukunci, sai a aya ta 11 aka ambace su, bayan ƙadangare da tsutsa sun riga sun shiga sahu. Aya ta 12 kuwa ta kira samari da 'yan mata, da tsofaffi da yara. Kin ga ke ma an kira ki, ba a bar ki a ɓoye cikin kalmar "mutane" ba. Kuma kira ɗaya aka yi wa sarki da budurwa, ba a ce sarki ya yi yabo ita ta tsaya tafi ba.

Wannan jeri ya yi kama da na sura ta farko ta Littafin Farawa, inda haske da sama da teku da tsirrai da kifaye da tsuntsaye duk suka riga mutum zuwa. Ko ranar da aka halicci mutum ma, rana ta shida, ba tasa ce shi kaɗai ba, ranar ce aka yi dabbobin gida da na jeji da masu jan ciki. Wato mu ne auta a gidan. Auta kuwa ko an shagwaɓa shi, ya san ya tarar da yayyensa a gida.

ABIN DA KALANDA BA TA NUNAWA

Ki dubi hotunan da muke ratayewa a ɗaki, na kalanda da katin gaisuwar Kirsimeti. In za a nuna halitta tana yabo, ɗan rago fari tas ake zanawa, ko kurciya, ko barewa a bakin rafi. Ban taɓa ganin an zana kunama ba. Mai wannan waƙa bai yi irin wannan tsince-tsince ba. Cikin waɗanda ya gayyato akwai abubuwan da mutanensa suke tsoro ƙwarai. Dodon ruwa abin firgita ne a wurinsu. Ƙanƙara tana kwantar da amfanin gona, guguwa tana yaye rufin ɗaki. Masu jan ciki kuwa, ai a shari'ar Musa yawancinsu ƙazamai ne, ba a cin su. Amma duk ya ba su wuri a sahu.

Ba a wannan waƙa kaɗai ake samun haka ba. A Ishaya sura 43 aya 20, dila da jimina aka ambata cikin masu girmama Allah saboda ya ba da ruwa a hamada, ayoyi biyu a gaba kuwa sai ga ƙorafi cewa jama'ar Allah ba su kira gare shi ba. Dila fa, wanda a tatsuniyarmu ma wayo aka san shi da shi. Akwai kuma waƙar samari uku, abokan Daniyel, wadda take cikin sura ta 3 ta littafin Daniyel a Littafi Mai Tsarki na 'yan Katolika, 'yan Angilikan ma suna da ita a addu'ar safe, ko da yake ba za ki same ta a bugun da sauran majami'u da yawa suke amfani da shi ba. Ita ma ta kira kifaye da tsuntsaye da dabbobi su yi yabo. Abin mamaki, a cikin tanderun wuta aka ce sun rera ta, kuma wutar ma sai da suka sa ta cikin jerin masu yabo.

Darasin da ke nan a fili yake. Ba amfanin da halitta take yi mana ba ne ya ba ta daraja. Mu muka raba dabbobi gida biyu, masu amfani da marasa amfani, na ci da na ƙi. Mai waƙar bai yi wannan rabo ba. Dalili ɗaya ya bayar a ayoyi na 5 da 6, yana magana kan mazauna sama, cewa umarnin Allah ne ya samar da su ya kuma tsayar da su. Wannan dalili kuwa ya hau kan kowace halitta, daga giwa har gara.

WAI DA GASKE DABBA TANA YABO?

Na san wata za ta ce, haba, ai wannan salon waƙa ne kawai, akuya ta san wani yabo? Tambaya ce mai kyau, kada a yi wa mai ita tsawa.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce a ce ki dubi zakara, da asuba yake tashi ya yi cara don ya yabi Mahaliccinsa, ko ki dubi kaza, duk kurɓin ruwan da ta yi sai ta ɗaga kai sama ta yi godiya. Zancen yana da daɗin ji, amma ba ya tsayuwa in an matsa shi. A shekarar 2013 wasu masana na Jami'ar Nagoya a ƙasar Japan sun tsare zakaru cikin ɗaki mai dishi-dishin haske dare da rana, suka ga duk da haka suna cara daidai lokacin da gari ya kusa wayewa, domin akwai wani agogo da aka dasa cikin jikinsu. Cara kuwa sanarwa ce ga sauran zakaru cewa nan wurina ne. Ita kuma kaza ɗaga kai take yi don ruwan ya gangara maƙogwaro, ba ta iya zuƙa kamar mu. Tattabara da kurciya suna iya zuƙa, shi ya sa ba sa ɗaga kai in suna sha. To sai mu ce su butulai ne? Kuma kazar nan da muka ce tana godiya wajen shan ruwa, ai ita muke zagi da cewa ta ci ta goge baki. Kin ga in muka kafa bangaskiyarmu a kan irin wannan hujja, ranar da yaronki ya dawo daga makaranta da bayanin malamin kimiyya, hujjar ta rushe, ke kuma kin rasa ta cewa.

Wani babban malamin ikilisiya na Arewacin Afirka, Agustin na Hippo, garin da ke cikin ƙasar Aljeriya ta yanzu, wanda ya rasu a shekarar 430, ya yi wa'azi a kan wannan waƙa. Amsarsa ita ce halittun nan ba su da baki ko hankalin yabo, amma in mai hankali ya dube su ya ga hikimar da ke cikinsu, sai ya yabi Allah, to ta bakinsa suka yi yabon. Har misalin ƙuma ya kawo, yadda aka shirya gaɓoɓinta duk da ƙanƙantarta. Wannan amsa ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai ni ina ganin ba ta cika ba, domin ta sake maido da mu tsakiyar fage, kamar ba a yabo sai muna wurin. Alhali mai waƙar ya kira zurfin teku, inda ba ɗan Adam ɗin da yake gani a zamaninsa. A littafin Ayuba sura 38 ma an yi zancen ruwan sama da Allah yake zubarwa a ƙasar da babu kowa a cikinta. Wa ya gani balle ya yaba?

Abin da ya fi kwanta mini shi ne, kowace halitta yabonta shi ne ta zama abin da aka yi ta ta zama. Hausawa suka ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ki ɗauki misalin tabarma da gwanar saƙa ta saƙa. Tabarmar ba ta magana, amma kyanta shaida ne a kan hannun da ya saƙa ta, ko tana shimfiɗe a tsakar gida ko tana naɗe a bayan ƙofa ba mai ganin ta. Haka agogon da ke jikin zakara. Gano shi da masana suka yi bai rage komai ba, sai ma ƙara nuna gwanintar wanda ya dasa shi. Maƙwabtanmu Musulmi ma wannan ba baƙon zance ba ne a wurinsu, domin a Suratul Isra'i aya ta 44 da Suratun Nur aya ta 41 an nuna cewa dukan halitta tana tasbihi, har tsuntsaye, ko da mu ba mu fahimci yadda suke yi ba.

In haka ne kuwa, to bambancinmu da su abin tsoro ne. Zuma ba ta iya ƙin zama zuma, shamuwa ba ta ƙin dawowa in damina ta kusa. Annabi Irmiya a sura 8 aya 7 ya yi wa mutanensa gori da tsuntsaye masu ƙaura da suka san lokacinsu. Cikin dukan waɗanda aka jera a doron ƙasa, mu kaɗai ne za a kira mu yi kunnen uwar shegu.

INDA WAƘAR TA RAGE

Sharhi ba ya cika sai an faɗi inda gizo yake saƙa. Abu biyu ne na ga mai karatu zai iya tuntuɓe da su.

Na farko, waƙar ba ta nuna jini ba. Ta jera namun jeji da dabbobin gida kafaɗa da kafaɗa kamar kura ba ta taɓa ɗaukar akuya ba. Wadda shaho ya sure mata 'yan tsaki, ko annoba ta share mata kaji a mako guda, za ta iya cewa wannan mai waƙa bai san duniya ba. Shi ya sa nake ba da shawara a haɗa ta da Zabura ta 104, wadda ta fi ta buɗe ido. A can za ki ga jakunan jeji suna kashe ƙishi, awakin jeji a kan duwatsu, rema a cikin kogo, kuma za ki ji 'ya'yan zaki suna ruri da dare suna neman abin da za su kama, mai waƙar ya ɗauki rurin nan a matsayin roƙon abinci daga wurin Allah. A can an faɗi mutuwar dabbobi a fili, cewa in an ɗauke numfashinsu sai su koma ƙasa. Manzo Bulus kuma a Romawa sura 8 ya kwatanta dukan halitta da mace mai naƙuda, tana nishi tana jiran kuɓuta. Wadda ta taɓa durƙusawa ta san abin da ake nufi. Saboda haka halitta tana yabo, tana kuma nishi, duk biyun gaskiya ne. Zabura ta 148 rabi ɗaya ta ɗauka ta rera, kada a ɗora mata nauyin da ba ta ce za ta ɗauka ba.

Na biyu, aya ta ƙarshe. Bayan an zagaya sama da ƙasa da teku, sai waƙar ta tsuke ta koma kan jama'a ɗaya, Isra'ila, cewa Allah ya ɗaukaka musu ƙaho, wato ya ba su ƙarfi da martaba. Wani zai ji kamar an tara gari duka biki, sai aka rufe da kirarin gida ɗaya. Ni ma ina ganin saukar ta zo ba zato. Amma in kin dubi inda aka ajiye ta, a bayan ayoyi 13 na jerin halittu, sai ki ga kusancin da aka ba jama'ar Allah bai fitar da su daga sahu ba. Wanda aka jawo kusa, nauyi aka ƙara masa. Zabura ta 150 kuma da ta zo rufe littafin gaba ɗaya, sai ta sake buɗe ƙofar ga duk wani mai numfashi. Wahayin Yahaya sura 5 aya 13 ma haka ya nuna, cewa a ƙarshen al'amari kowace halitta ta sama da ƙasa da ƙarƙashin ƙasa da teku za a ji muryarta.

ABIN DA YA SHAFE MU A TSAKAR GIDA

To 'yar'uwa, ga inda maganar ta iso ƙofar ɗakinmu. Dabbobin gida yawanci a hannun mata suke. Mu ke kiwon kaji da agwagi, mu ke turke awaki da tumaki, da kuɗinsu ake sayen kayan ɗaki da biyan kuɗin makaranta. Kuma a gabanmu yara suke koyon yadda ake mu'amala da mai rai. Yaya za a yi mace ta rera wannan waƙa ranar Lahadi, ranar Litinin ta tafi unguwa ta bar akuya ɗaure a rana tun hantsi har la'asar ba ruwa ba dusa? Yaya za ta ga ɗanta ya ɗaure ƙadangare da zare yana jan sa a ƙasa, ko yana harbin tsuntsaye da danƙo don wasa kawai, ko yana jifan kyanwa, ta yi dariya ta ce ai yaro ne? Ko a ɗauro kaji ƙafa sama kai ƙasa tun daga kasuwa, a yar da su a bayan madafa har gobe?

Littafin da ya ce dabba tana yabo bai bar maganar a waƙa kawai ba, ya mai da ita doka. Fitowa sura 23 aya 12 ta sa sa da jaki cikin masu hutun ranar Asabar. Maimaitawar Shari'a sura 25 aya 4 ta hana sa wa sa takunkumi yana cikin aikin sussuka, sura 22 kuma ta hana a kama uwar tsuntsu tare da 'ya'yanta. Karin Magana sura 12 aya 10 ta mai da kula da dabba alamar adalcin mutum. A Littafin Ƙidaya sura 22, jakar Bal'amu ta ga mala'ika shi bai gani ba, ya doke ta har sau uku, da mala'ikan ya bayyana kuwa, zancen dukan nan ya fara tuhumar sa da shi. Littafin Yunusa ma da ambaton dabbobi ya ƙare, domin cikin dalilan da Allah ya bayar na tausaya wa birnin Nineba, bayan mutane fiye da 120,000, har da yawan dabbobin da ke ciki.

Kada wata ta ce wai an hana yanka. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma Farawa sura 9 ta halatta cin nama. Kunama ta shigo ɗakin yara, ki kashe ta, sauro ma ki yi masa magani, kare rai wajibi ne. Abin da waƙar ta hana mu shi ne wulaƙanci. A ciyar, a shayar, a sa a inuwa, in ranar yanka ta zo a wasa wuƙa a yi da sauri, kada a azabtar. Abin da ba za ki ci ba, bai kuma cuce ki ba, ki ƙyale shi ya yi kukan gidansu.

Kuma kada ki ɗauka sahun nan ba ya raguwa. Ungulu da iyayenmu suka saba gani birjik a mahauta da bayan kasuwa, tana kwashe mushe tana tsabtace gari, yanzu sai a yi wata da watanni ba a ga ko ɗaya ba a garuruwa da yawa. Tun shekarar 2015 masu kula da halittu na duniya suka sa irin ungulun da muka sani cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, guba da farautar ta don haɗa magani suna cikin abin da ya jawo. Jaki ma, saboda cinikin fatarsa zuwa ƙasar Sin, sai da Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da shi a 2016, Tarayyar Afirka kuma a watan Fabrairu na 2024 ta amince a hana yanka shi don fata. Duk irin halittar da ta ƙare, murya ɗaya ta ɗauke daga cikin masu yabo, ba kuwa wanda zai iya yin kukanta a madadinta.

Hukuncina a kan Zabura ta 148 shi ne, waƙa ce mai sauƙin baki, mai nauyin ma'ana. Ba ta da labari, ba ta da kuka ko roƙo, jeri ne kawai, amma a cikin jerin ta sauke girman kan ɗan Adam ba tare da ta zage shi ba. Ki karanta ta a hankali, da murya, ki tsaya kaɗan a aya ta 10 kafin ki wuce ta 11. Ki karanta wa yaranki ita, ki sa su ƙirga waɗanda suka riga mu shiga sahu. In kun gama, ki aiki ɗaya daga cikinsu ya duba ko da ruwa a kaskon kaji.

Allah ya ba mu zuciya mai tausayi, ya sa mu dace. Amin.